Albashin Ma'aikaci: Alheri Ne Ko Bashi?



Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata gwauruwa daga cikin zumuntar mata ta tsayar da ni a bakin ƙofar majami'a. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata 'yar takarda da aka yago daga littafin rubutu, ta miƙa mini. Lissafin albashin 'yarta ne, wadda take aiki a wani gidan sayar da abinci a cikin gari. A sama an rubuta N52,000. Daga nan sai aka shiga cirewa: makara sau biyu, N4,000; faranti da kofuna da suka fashe, N3,500; kwana ɗaya da zazzaɓi ya kwantar da ita, N2,000; kuɗin ciniki da bai cika ba, wanda aka raba wa dukan ma'aikata, rabonta N5,000. A ƙasa an ja layi, an rubuta N37,500. Akwai kuma abin da takardar ba ta nuna ba. An ɗauki yarinyar a kan za ta riƙa tashi ƙarfe biyar na yamma, amma tun da ta fara ba ta taɓa barin wurin kafin ƙarfe bakwai ba.

Uwar ta ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba, tambaya ce. Mai wurin 'yar'uwa ce cikin Ubangiji, ita ce ma ta ji tausayinmu ta ɗauki yarinyar sa'ad da babanta ya rasu. In yarinyar nan ta buɗe baki ta nemi abin da aka cire, ta yi butulci? Ta yi zunubi?"

Ban iya ba ta amsa a tsaye ba, gama na san mai wurin. Mace ce mai hannun kyauta, ba a taɓa yin aikin gayya a ikkilisiya an rasa ta ba. Da muguwa ce, da tambayar ta yi sauƙi. Nauyinta shi ne, mutanen kirki ne suke yin wannan abu, suna kuma kwana da lamiri a kwance. Shi ya sa na ga ya dace mu yi nazarinsa tare a wannan fitowa.

ALBASHI BA ALHERI BA NE

Tushen damuwar yana cikin wata magana da ta saba fitowa daga bakinmu, mu da muke da yaran shago, ko 'yan aiki a gida, ko direba, ko mai gadi. Mukan ce, "Ai taimakonsa nake yi." Akwai gaskiya a ciki. A ƙasar da matasa suka cika titi da takardun makaranta suna neman abin yi, wanda ya buɗe wa wani ƙofar aiki ya yi abin kirki. Amma daga ranar da aka fara aikin, magana ta sake. Ɗaukar mutum aiki tana iya zama alheri, biyansa kuwa bayan ya yi aikin biyan bashi ne. Idan muka rikita waɗannan biyu, sai mu ɗauka albashi kyauta ce daga aljihunmu, mai kyauta kuwa yana da iko ya ƙara ko ya rage yadda ya ga dama.

Mu duba abin da ma'aikaci yake kawowa kasuwa. Mai sayar da hatsi, in ciniki ya ɓaci, yakan ɗaure bakin buhunsa ya koma da shi gida. Ma'aikaci ba shi da buhu. Abin da yake sayarwa shi ne ƙarfinsa da sa'o'in ransa, waɗannan kuwa in sun tafi, sun tafi ke nan. Ba wanda zai iya mayar wa yarinyar nan da ranar Talatar da ta yini a tsaye gaban murhu. Bugu da ƙari, ma'aikaci ne yake fara bayarwa. Yakan yi aikin wata guda cur kafin ya ga kobo, ba jingina, ba riba. Ashe a kowane wata talaka ne yake ba mai hali bashi. Sa'ad da wata ya ƙare, kuɗin da ke hannun ubangida ba nasa ba ne kuma, ajiya ce.

Manzo Bulus ya ɗauki wannan a matsayin abin da ba ya bukatar gardama. A Romawa 4:4, da yake so ya bayyana bambancin alherin Allah da sakamakon ayyuka, ya kafa hujjarsa a kan abin da kowa ya sani, watau ba mai kiran ladan lebura kyauta, gama ya riga ya zama wajibi. Shari'ar Musa ta fi haka tsanani. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a sallami ɗan ƙwadago matalauci a ranar da ya yi aikin, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, saboda ya dogara ga wannan kuɗi. Littafin Firistoci 19:13 ya sa riƙe ladan ma'aikaci ya kwana a aya ɗaya da zalunci da ƙwace. Annabi Malakai (3:5) ya jera masu danne haƙƙin ma'aikata tare da masu sihiri, da mazinata, da masu rantsuwar ƙarya. Yakubu 5:4 kuma ya kwatanta ladan da aka riƙe da abu mai murya, wanda ƙararsa take kaiwa gaban Ubangiji.

Mu tsaya a nan kaɗan. A ikkilisiyoyinmu, sau nawa aka sa mutum ƙarƙashin horo saboda zina? Ba su ƙirguwa. Sau nawa aka dakatar da wani daga cin jibi domin ya danne albashin yaronsa? Ni dai, a shekarun da na yi ina zama a majalisar dattawa, ban taɓa gani ba.

YAKUBU A GIDAN KAWUNSA

Wanda yake tsammani wannan matsala ta zamani ce, bari ya karanta Farawa sura 29 zuwa 31. Laban ba baƙo ba ne ga Yakubu. Kawunsa ne, daga baya kuma ya zama surukinsa. Shi da bakinsa ya fara cewa bai kamata Yakubu ya yi masa aiki a banza ba don kawai su dangi ne. Magana mai daɗin ji. Amma bayan shekara 20, ga abin da Yakubu ya lissafta a sura 31:38-42. An sauya masa lada har sau goma. Duk dabbar da naman jeji ya kashe, shi ya ɗauki hasararta. Wadda aka sace, ko da rana ko da dare, a wurinsa aka nema. Ya sha rana, ya sha sanyin dare, ya rasa barci. Ga yankan albashi, ga aikin dare da ba a biya ba, duka a gida ɗaya, ƙarƙashin inuwar zumunci. Yakubu kansa ba marar laifi ba ne, shi ma ya iya dabara. Duk da haka Littafi ya nuna Allah ya ga abin da Laban yake yi, ya kuma tsawata masa.

Sa'ad da aka ba Isra'ila Shari'a, ba a manta da makiyayi irin Yakubu ba. Fitowa 22:10-13 ta bambanta hasara da hasara. In dabbar da aka ba mutum kiwo ta mutu ko ta ji rauni ba wanda ya gani, rantsuwa a gaban Ubangiji takan raba gardama, ba zai biya ba. In naman jeji ya yayyage ta, ya kawo ragowar don shaida, ba zai biya ba. In kuwa sace ta aka yi a hannunsa, zai biya. Ashe Shari'a ba ta ce ma'aikaci ba ya taɓa ɗaukar alhaki ba. Abin da ta hana shi ne a ɗora masa kowace hasara ba bincike, mai dukiya kuma ya zama shi kaɗai ne alƙali.

TAMBAYOYI UKU KAFIN A CIRE KOBO

Daga nan muna iya fitar da tambayoyi uku da ya kamata kowane ubangida ko uwargida su yi wa kansu.

Ta fari, laifin nasa ne? Ba a yin sana'ar abinci faranti bai fashe ba, kamar yadda ba a yin noma ba a karya fartanya ba. Irin wannan hasara tana cikin kuɗin tafiyar da sana'a, tana kuma kan wanda yake ɗaukar riba. Ranar da ciniki ya yi kyau, ba mu kiran ma'aikata mu raba musu ribar. Don me za mu tuna da su ranar hasara kaɗai? Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Raba wa kowa giɓin ciniki kuwa hukunta mutum biyar ne saboda ba mu gano ɗaya ba. Ba banza ba ne ayar da take bin umarnin biyan ɗan ƙwadago, watau Maimaitawar Shari'a 24:16, ita ce mai hana a hukunta wani don laifin wani.

Ta biyu, abin da aka cire daidai yake da hasarar? Mu yi lissafi. Albashin N52,000 a kwana 26 na aiki ya kama N2,000 a rana, watau N250 a sa'a ɗaya in aikin na sa'a takwas ne. Makarar rabin sa'a ta kama N125. In aka cire N2,000 dominta, an karɓi ninki 16 na abin da aka rasa, yarinyar kuma ta yi aikin sa'a bakwai da rabi a banza.

Ta uku, wa ya yanke hukuncin? A nan ne rashin adalcin ya fi ɓuya. Ubangida shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, tarar kuma aljihunsa take shiga. Ba kotun da za ta yarda da irin wannan zama. Ko mutumin da ya fi kowa gaskiya, in kowane laifin yaronsa yana ƙara masa kuɗi, a hankali idonsa zai koyi ganin laifi.

SA'O'IN DA BA A RUBUTA BA

Yankan albashi yana da takarda, ana ganinsa. Aikin bayan lokacin tashi ba shi da takarda, shi ya sa ya fi shi cin mutum. "Ɗan tsaya mu ƙarasa wannan." "Bari baƙin nan su tashi tukuna." Ba wanda yake jin ya yi sata. Amma mu sake ɗaukar alƙalami. Sa'a biyu kowace rana, kwana shida a mako, sa'a 12 ke nan. A mako 52 sun zama sa'a 624, watau kwana 78 na aiki, daidai da wata uku. Yarinyar gwauruwar nan tana yin aikin wata 15 a shekara, ana biyanta na wata 12. A kuɗi, N156,000 ne suke salwanta ba wanda ya rubuta.

Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ya riƙe ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Dukanmu muna ƙyamar ɗan kasuwar da yake saye da babban mudu ya sayar da ƙarami. To, agogon da yake ƙirga minti goma na makarar safe, amma ya makance da sa'a biyu na yamma, mene ne in ba mudu biyu ba? Ƙara aiki ba tare da ƙara lada ba rage lada ne ta bayan gida. Fir'auna bai rage wa Isra'ilawa kome a baki ba, ya dai hana su ciyawar yin tubali, ya ce yawan tubalin kada ya ragu (Fitowa 5).

Abin da ake ɗauka kuma ya wuce kuɗi. Sa'o'in nan na yamma su ne na dafa wa yara abinci, da duba aikin makarantarsu, da addu'ar iyali, da koyon Littafi na tsakiyar mako. Su ne bambanci tsakanin yarinya ta koma gida da sauran haske, da ta bi lungu cikin duhu. Mukan yi wa'azi a kan rushewar iyali, alhali wani lokaci mu ne muka riƙe uban gidan a shago har dare. Dokar Asabar a Maimaitawar Shari'a 5:14-15 ta ambaci barori a fili domin su huta kamar iyayen gidansu, ta kuma tuna wa Isra'ila bautar Masar.

Iyakar sa'o'in aiki ba ta zo wa duniya a sauƙaƙe ba. Ranar 1 ga Mayu 1886 ma'aikata a Amurka, musamman a birnin Shikago, suka shiga yajin aiki suna neman a tsaida aiki a sa'a takwas, daga nan ne Ranar Ma'aikata ta samo asali. A 1919, yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar ta tsaida sa'a 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. A ƙasarmu, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a mahaƙar kwal ta Iva Valley a Inugu, cikin rikicin da ya haɗa da bashin kuɗaɗen da ma'aikatan suka ce an riƙe musu. Abin da muke wasa da shi a shagunanmu, wasu da jininsu suka saye shi.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Yawancinmu, iyayen gida da ma'aikata, ba mu san cewa Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana a kan waɗannan abubuwa ba. Sashe na 5 ya hana mai ɗaukar aiki cire tara daga albashi, ya kuma hana ko da ƙulla yarjejeniyar yin haka. In ma'aikaci ya jawo hasara da gangan ko ta sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Jimlar abin da za a cire a wata ɗaya kuma ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Sashe na 13 ya ce sa'o'in da suka ɗara waɗanda aka amince da su ƙarin aiki ne, ya tanadi hutun aƙalla sa'a ɗaya ga mai aikin sa'a shida ko fiye, da hutun yini ɗaya na sa'a 24 a kowane kwana bakwai. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci albashinsa har na kwana 12 na aiki a shekara in rashin lafiya ya kwantar da shi, muddin likita ya shaida. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki, tana kuma zama a garuruwa kamar Jos, Kaduna, Makurdi da Yola.

Sai dai dokar tana da iyaka. Ba ta faɗi nawa za a biya a kan ƙarin sa'a ba, ta bar wannan ga yarjejeniya. Mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 bai shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, a irin waɗannan ƙananan wurare ne kuwa 'ya'yanmu da yawa suke aiki. Jami'in ƙwadago ba zai shiga kowane shago da kowane ɗakin girki ba. Inda doka ta tsaya, nan ne lamirin mai bi ya kamata ya ci gaba da tafiya.

HUJJOJIN IYAYEN GIDA

Adalci ne mu saurari ɗaya gefen, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, "Ai ya yarda da sharuɗɗan tun farko." Gaskiya ne, alkawari kaya ne. Amma yardar mai jin yunwa tana bukatar a dube ta da kyau. Isuwa ma ya yarda, har da rantsuwa, ranar da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon abinci, wannan bai mai da cinikin ya zama na adalci ba. Waɗanda suke kafa hujja da misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20, cewa mai gona yana da iko da kuɗinsa, bari su lura da abu biyu: ya biya kowa da yamma a ranar, ba kuwa wanda ya karɓi ƙasa da abin da aka shirya. Ya yi amfani da ikonsa ya ƙara wa na baya, bai rage wa kowa ba.

Wani zai ce, "Kasuwa ba ta tafiya." Wannan ma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, masu ƙananan sana'o'i da yawa suna tafiya da ƙyar. Amma hanyar gaskiya ita ce a zauna da ma'aikaci kafin ya yi aikin, a faɗa masa halin da ake ciki, a shirya ko a rage sa'o'i ko a jinkirta wani kashi, a kuma rubuta shi a matsayin bashi. Ƙirƙiro laifuffuka a ƙarshen wata domin lissafi ya daidaita ha'inci ne. Ya kamata kuma matsin ya fara daga teburin ubangida. Annabi Irmiya (22:13-19) ya la'anci Sarki Yehoyakim domin yana gina benaye da gumin mutanen da bai biya ba.

Wani zai ce, "In ba tara, yaran yanzu ba su jin magana." Horo wajibi ne, amma yana da hanyoyinsa: gargaɗi na baki, gargaɗi a rubuce, cire daidai lokacin da ba a yi aiki ba, in kuma abin ya ƙi, a sallami mutum bisa ƙa'ida da cikakken haƙƙinsa.

LAIFI TUDU NE

Akwai hujja ta huɗu, wadda tamu ce mu masu bi: "Ai aikin Allah ne, sai da sadaukarwa." Da ita akan riƙe malaman makarantun ikkilisiya har yamma ba ƙarin kome, da ita mai gadin majami'a yakan kwana a bakin ƙofa duk ranakun taro, da ita mai bishara a ƙauye yakan yi watanni yana jiran ɗan abin da aka alkawarta masa, alhali ginin hedkwata bai tsaya ba. Sadaukarwa ita ce abin da mutum ya bayar da son ransa daga cikin nasa. Abin da shugaba ya karɓe daga na ƙasa da shi ba ya zama hadaya don an kira sunan Allah a kai. Dawuda ya ƙi miƙa wa Ubangiji hadayar da bai biya kuɗinta ba (2 Sama'ila 24:24). Bulus kuwa, a 1 Timoti 5:17-18, a kan ma'aikatan ikkilisiya ne ya kawo dokar da ta hana sa wa sa takunkumi a masussuka.

Mu shiga gidajenmu kuma. Yarinyar da muka ɗauko daga ƙauye, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Muna ce mata 'yarmu, amma 'yar cikinmu ba ta biyan kofin da ta fasa, ba ta kuma rasa makaranta domin wanki. In 'ya ce, a riƙe ta kamar 'ya. In ma'aikaciya ce, a biya ta kamar ma'aikaciya, da lokacin tashi da ranar hutu. Kada ta rasa gādon 'ya, ta kuma rasa albashin ma'aikaciya. 'Ya'yanmu suna kallo, a wurinmu suke koyon yadda ake bi da wanda ba shi da ƙarfi. Kolosiyawa 4:1 tana tuna wa kowane ubangida cewa shi ma akwai wanda yake bisansa a Sama.

GA MA'AIKACI KUMA

Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ma'aikacin da yake zuwa a makare kullum, ko yake yini a kan waya, ko yake aiki sai idon ubangida yana kansa, shi ma mudu biyu yake riƙe da shi. Wanda aka zalunta kuma ba shi da izini ya biya kansa daga akwatin ciniki. Sata ba ta zama halal don an fara yi maka.

Amma neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba zunubi ba ne. Wasu sukan kawo maganar Yahaya Maibaftisma ga sojoji a Luka 3:14, cewa su gamsu da albashinsu. Yahaya yana hana su ƙwace ne daga talakawa, bai ce a riƙe musu albashin su yi shiru ba. Bulus, wanda ya koya mana haƙuri, ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma a Filibi da Urushalima (Ayyukan Manzanni 16:37; 22:25). Mai bi yana iya yafe bashi, wannan abu ne mai kyau ƙwarai. Amma yafewa ta mai bin bashi ce. Wanda ake bi ba shi da iko ya yafe wa kansa.

Saboda haka shawarata ga ma'aikaci ita ce: ka nemi a rubuta sharuɗɗan aikinka tun farko. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta lokacin zuwanka da na tashinka. In an cire maka wani abu, ka je wurin ubangidanka a kaɗaice, cikin ladabi, ka nemi bayani. In bai saurara ba, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, daga nan sai dattawan ikkilisiya in shi mai bi ne, bisa ga tsarin Matiyu 18:15-17. In duk wannan ya gagara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin jiha, akwai kuma kotu. Dattawan da suke saurin karanta 1 Korantiyawa 6 don hana kai ƙara, bari su lura cewa Bulus ya kunyata ikkilisiyar ne domin an rasa mai hikimar da zai raba gardama a cikinta. In ba mu so 'yan'uwa su je kotu, wajibi ne su sami adalci a wurinmu, ko da wanda ake ƙara shi ne mai ba da baiko mafi tsoka.

KAMMALAWA

Na koma wurin gwauruwar na ce mata 'yarta ba ta yi zunubi ba, godiya da neman haƙƙi kuma suna iya zama a zuciya ɗaya. Da izininta, ni da wata dattijuwa daga zumuntar mata muka je muka zauna da mai gidan abincin. Da fari ranta ya ɓaci. Ta ce haka aka yi mata a inda ta koyi sana'a, haka kuma kowa yake yi. Da muka yi lissafin sa'o'in tare a kan takarda, ta yi shiru na wani lokaci, sa'an nan ta ce ba ta taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Ta mayar da kuɗin faranti da na ranar zazzaɓi da na giɓin ciniki, ta kuma daina cin tara. Maganar sa'o'in yamma ba ta ƙare ba tukuna, gama ta ce ciniki ba zai ɗauki biyan duka ba. Yanzu dai ma'aikatan suna karɓa-karɓa, kowa yana tashi ƙarfe biyar kwana uku a mako. Ba a kai ga cikakken adalci ba, amma an kama hanya.

Ina roƙon kowane gida da wannan mujalla ta shiga, kafin ƙarshen watan nan, miji da mata su zauna su rubuta sunayen duk waɗanda suke musu aiki. A gaban kowane suna a rubuta abin da aka alkawarta, da sa'o'in da yake yi a gaskiya, da abin da yake karɓa. In an sami giɓi, a yi yadda Zakka ya yi ranar da Yesu ya shiga gidansa, bai tsaya ga baƙin ciki ba, ya tashi ya yi alkawarin mayarwa. Majalisun ikkilisiyoyinmu da hukumomin makarantunmu su ma su yi haka.

Ubangiji ya ba mu idon ganin gumin da muke ci, ya ba mu zuciyar mayar da abin da ba namu ba, domin ranar da za mu tsaya a gabansa kada muryar wani ma'aikaci ta riga mu isa. Amin.